Daga wuri zuwa sefa: tarihin wasu kalmomin ƙidaya da fatauci da suka cancanci a dawo da su

0. Gabatarwa

Ranar 26 ga watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka zartar da kundin da ake kira «Charte de la Refondation». Kundin ya ba hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da faransanci da ingilishi harsunan aiki. Kafin haka, dokar 2001 ta riga ta lissafa hausa cikin harsunan ƙasa guda goma. Sai dai matsayin da doka ta bayar ba ya tanadar wa mushen lakwal kalmar da zai koyar da lissafi da ita, kuma ba ya gaya wa ma'aikacin banki yadda zai bayyana wa manomi takardar da za ya sa wa hannu. Wannan aiki yana wuyan masu nazarin harshe.

Idan aka rasa kalma, hanyoyi biyu aka saba bi a ƙasarmu. Ko dai a ari ta faransanci a lanƙwasa ta, kamar «lanho» da «duwan», ko kuma a ɗauko wadda aka ƙirƙira a Najeriya. Ba mu ga aibi ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma akwai hanya ta uku da ba a cika kula da ita ba, watau komawa ga kalmomin da harshen ya riga ya mallaka, waɗanda sauyin zamani ya tura gefe. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi tarihin wasu daga cikinsu a fanni biyu, ƙidaya da fatauci, domin a nan ne ake iya danganta tashin kalma da faɗuwarta da shekarun da aka sani.

1. Inda ake samun waɗannan kalmomi

Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne, wani babban sashe na hausar da aka fara rubutawa da boko daga ƙasarmu ya fito. J. F. Schön, wanda ya buga nahawun hausa a 1862 da ƙamus a 1876, ya dogara ƙwarai ga bakin Dorugu, wani yaro ɗan yankin Damagaram da aka kama bawa, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Bayan haka Landeroin da Tilho, waɗanda suka yi aikin shata iyaka tsakanin Kwara da tafkin Cadi daga 1906 zuwa 1909, suka buga nahawu da tatsuniyoyi a 1909 da ƙamus a 1910. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39.000, yana nuna karin harshen da kalma ta fito, ko Katsina ko Sakkwato ko Gobir, kuma wannan alama tana da amfani ƙwarai ga mai nazarin hausar Maraɗi da Tawa. A Yamai kuma Abdou Mijinguini ya fitar da ƙaramin ƙamus na hausa zuwa faransanci a 1993. Idan aka jera waɗannan littattafai bisa shekarunsu, aka gwama su da abin da ake ji a kasuwa, ana iya bin sawun kalma tsawon shekara fiye da 150.

2. Kalmomin ƙidaya

2.1. Gomiya

Sunayen lambobi daga 20 zuwa 90 da muke amfani da su, «ashirin», «talatin», «arba'in», «hamsin» har zuwa «tis'in» ko «casa'in», duka aro ne daga larabci. Haka ma «metan» (200), «arbaminya» (400), «hamsaminya» (500) da «alfin» (2.000). Sun shigo ta hanyar malamai da fatake, suka danne wani tsari na asali da aka gina a kan «gomiya», jam'in «goma»: «gomiya biyu» 20 ke nan, «gomiya uku» 30, har «gomiya tara» 90. Tsarin bai mutu ɗungum ba, don ana jin ɓurɓushinsa a bakin tsofaffi a karkara, amma littafin lakwal da rediyo sun yi watsi da shi.

Ga dalilin da ya sa muke ganin ya cancanci a dawo da shi. Yaron da ya shiga aji na farko ya san «huɗu», amma ba zai ji «huɗu» a cikin «arba'in» ba, sai ya haddace ta a matsayin sabuwar kalma. In ya koma faransanci abin ya fi tsanani, domin 97 a can ana kiranta huɗu sau ashirin da goma da bakwai. Amma in aka ce masa 47 «gomiya huɗu da bakwai» ce, to abin da kunnensa ya ji shi ne idonsa ke gani a allo: 4 a gidan gomiya, 7 a gidan ɗaiɗai. A ce ya tara 47 da 35. Bakwai da biyar sun ba da gomiya ɗaya da biyu; ya rubuta 2, ya kai gomiya ɗaya wurin ƴan'uwanta; huɗu da uku da ɗaya sun zama gomiya takwas; jimla 82. Abin da faransanci ke kira «dizaine», wanda mushe ke shan wahalar fassarawa, harshen yaron yana da sunansa tun kafin zuwan larabci. Ba muna neman a kori «arba'in» daga kasuwa ba ne. Muna neman «gomiya» ta samu gurbi a darasin lissafi na shekaru biyu na farko, kusa da ita.

2.2. Hauya, zangu, zambar da keso

Waɗannan kalmomi na zamanin wuri ne. Ita kanta kalmar «kuɗi» a asali jam'in «wuri» ce. Daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya ake kawo wurin, ya ratso hannu da hannu har ƙasar Hausa. Tun da ba a huda shi a jera a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, dole a ƙirga shi da hannu. Barth ya ga wannan aiki a Tasawa a watan Janairu na 1851. Ya bayyana cewa ana jan wurin biyar biyar, a tara shi tsibi tsibi na 200 ko na 1.000, kuma ya ce tsibin 200 hauya goma ne. «Hauya» ke nan 20. A wannan zama an ƙirga wuri 500.000, kuma sai da mutum biyar ko shida suka sa hannu. Ana ɗure wurin cikin jakar kaba mai cin 20.000, wadda ƙamusoshi ke kira «keso». Bisa canjin da Barth ya tarar a Kano a wannan shekara, wuri 2.500 ne dala ɗaya ta azurfa. Keso guda dala 8 ke nan, kuma duk tarin nan na Tasawa, keso 25, bai wuce dala 200 ba.

Mai irin wannan ciniki yana buƙatar sunayen manyan lambobi a kullum. «Zangu» 100 ce. «Zambar» 1.000 ce, amma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da lambar da ke ninka ta: «zambar goma» 10.000, «zambar ɗari» 100.000, «zambar dubu» miliyan guda. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta yamma, darajar wuri ta faɗi, kafin ƙarshen ƙarnin dala ta kai wuri 5.000 a Kano. Gwargwadon faɗuwar wuri, gwargwadon yawan zambar a bakin mutane.

Wani abin lura shi ne «zangu» da «zambar» su ne sunayen 100 da 1.000 na yau da kullum a zabarmanci. Kalmomin da hausa ta ajiye, maƙwabciyarta tana aiki da su kowace safiya a kasuwannin Yamai da Doso.

2.3. Dala da jika

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, kuma cikin shekarun da suka biyo baya suka tilasta biyan lanho da kuɗinsu. Wuri ya fita daga ciniki, «hauya» da «keso» suka bi shi. Amma sunan «dala», wanda da ake kiran azurfar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780 da shi, ya koma kan azurfar Faransa ta tamma biyar, domin girmansu ya yi kusa. Tun daga nan dala ta zama ma'aunin ƙirgar kuɗi, ta tsallake kafa sefa a 1945 da karya darajarta a 1994 ba ta motsa ba. Shi ya sa «ashirin» a bakin mai tebur 100 ce a rubuce, «jika» kuma, dala 200, ita ce 1.000. «Zambar» ta tsira ta wannan ƙofa: in aka ce «zambar goma» a cinikin dabba ko a zancen sadaki, dala 10.000 ake nufi, watau sefa 50.000, jika hamsin.

Ana iya cewa wannan ya isa hujjar a bar «zambar» inda take, kada a rikita mutane. Amsarmu ita ce «ashirin» ma tana da wannan fuska biyu, kuma ba wanda ya ce a daina ƙirga awaki da ita. Maganin rikicin shi ne a riƙa faɗin abin da ake ƙirgawa, dala ce ko tamma ko mutane. Amfanin «zambar» kuwa yana wani wuri. Kowa ya san «dubu ɗari da biyar» tana iya zama 105.000, tana iya zama 100.005, kuma mai karanta labarai a rediyo yana cin karo da wannan kusan kullum. Tun da «zambar» ba ta zuwa sai da mai ninka ta, muna ba da shawara a tsayar da ƙa'ida a rubutun hukuma: duk lambar da ta biyo bayanta dubbai take ƙirgawa, har sai an ce «da guda». Ta haka 105.000 za ta zama «zambar ɗari da biyar», 100.005 kuma «zambar ɗari da guda biyar». «Miliyan» ta riga ta zauna, ba mu ga dalilin tayar da ita ba.

3. Kalmomin ayari

A ƙarni na 19 hanyoyin fatauci uku suka ratsa kudancin ƙasarmu: ta hamada daga Tarabulus zuwa Kano ta Agadas da Damagaram, ta gishiri daga Bilma da Fashi, da ta goro zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu. Ba tufafi da gishiri da goro kaɗai ayarin ke ɗauka ba, har da bayi, kuma Dorugu da muka ambata yana cikin waɗanda aka sayar. Ayari yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, ya yi watanni a hanya, don haka yana da shugabanci mai tsari. Paul Lovejoy ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1980 kan fataken goro. «Madugu» ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya. «Jagaba» yana gaba, shi ya san hanya da mashaya. «Uban dawaki» yana tattara kason kowane falke na kuɗin da ake biya a hanya. Inda aka sauka shi ne «zango», kuɗin ƙetare kogi kuma «fito». Buzayen da ke kai ayarin gishiri Bilma su ma «madugu» suke kiran shugabansu.

Biyu daga cikin waɗannan kalmomi sun riga sun nuna cewa tsohuwar kalma tana iya samun sabon aiki. Gidajen rediyo sun ɗauki «madugu» suna cewa «madugun ƴan adawa», kowa kuma ya gane. «Zango» ta zama sunan unguwa a Damagaram, a gefen Birni, da Yamai, da garuruwan Gana da yawa, sannan a Najeriya ta zama sunan kashi ɗaya na shekarar karatu. A lakwal ɗinmu har yanzu «trimestre» ake cewa, alhali «zangon farko» da «zango na biyu» ba su buƙatar bayani. «Kuɗin fito» ma tana nan a rediyo da ma'anar abin da ake biya a duwan.

Wadda aka bari a baya ita ce «jagaba». «Jagora» ta mamaye wurinta, har an manta cewa ayari yana rarrabe mai yanke shawara da mai sanin hanya. Wannan rarrabewa tana da amfani a yau. A ƙungiyar manoma ko a wani aikin raya karkara, shugaban da aka zaɓa daban yake da ƙwararren da aka ɗauko don ya nuna yadda za a yi. Na farkon madugu ne, na biyun jagaba. Haka kuma a jami'a, malamin da ke duba kundin ɗalibi aikin jagaba yake yi.

Ta biyu ita ce «fatoma», aro daga barbarci, inda «fato» ke nufin gida, ɗafin «-ma» kuma mai abu. Fatoma shi ne mai saukar da baƙin fatake: ya ba su masauki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in ciniki na bashi ne. A zangunan kudu «maigida» ake cewa, amma «maigida» tana da ma'anoni da yawa, daga miji har ubangidan aiki. «Fatoma» ma'ana ɗaya gare ta, kuma ita ce ta dace da wakilin da ke karɓar kayan ɗan kasuwar Maraɗi a tashar jirgin ruwa, ya adana su, ya cika takardunsu.

4. Kalmomin bashi da amana

A nan ne hasarar ta fi tsada. Hausa tana rarrabe abubuwan da mai magana cikin gaggawa ke haɗawa a ƙarƙashin «bashi» ko «crédit». «Aro» shi ne a ba ka abu ka mayar da shi kansa, kamar gatari ko gona. «Rance» shi ne a ba ka abin da za ka kashe ka mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. «Bashi» shi ne nauyin da ke kanka har ka biya. «Jingina» ita ce ka ajiye kadararka a hannun mai ba ka rance, ta zauna wurinsa sai ka fanshe ta. «Lamuni» kuwa shi ne wani na uku ya tsaya maka, ya lamunce cewa in ka gaza shi zai biya, kuma wannan shi ne aikin fatoma a zango. Ladan dillali «la'ada» ce, daga larabci, ko da yake a tasha «kamasho» ta ingilishi ta fi yawa.

«Lamuni» ta samu shiga rediyo cikin sunan Asusun ba da lamuni na duniya, amma a can ma'anarta ta koma rance kawai, ta rasa mutum na ukun da ke cikinta. A gaban ma'aikacin banki kuwa «garanti» ake ce wa manomi, kalmar da ba ta gaya masa ko gonarsa ce ya jinginar ko ɗan'uwansa ne ya lamunce masa. Bambancin nan shi ke nuna wanda za a bi ranar da biya ya gagara.

Haka abin yake a sha'anin gonaki. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ke ba da takardun shaidar sayarwa, kyauta, haya, aro da jingina. Da faransanci ake cika takardun, da hausa aka ƙulla maganar. Gonar da kaka ya ba da aro ko jingina, in jikoki suka tashi ba su san bambancin kalmomin ba, ɗaya gefen zai ce saye ne, kuma daga nan shari'a ke farawa. Koyar da waɗannan kalmomi biyar da iyakokinsu a lakwal da azuzuwan yaƙi da jahilci, da buga su a jikin takardun kusa da na faransanci, aiki ne mai sauƙi.

Akwai misalin da ke ƙarfafa mana gwiwa. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 an gina shi a kan abin da mata suka riga suka sani, adashe da asusu da zubi, kuma daga nan aka kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa. Matan ba su jira an fassara musu «tontine» ba.

5. Me ya tura kalmomin gefe?

Muna ganin dalilai uku. Na farko, abin da kalmar ke kira ya gushe. Wuri ya fita daga ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, fataucin hamada ya durƙushe, daga baya gyaɗa da mota suka gaji raƙumi da jaki. Na biyu, lakwal. A ƙasashen da Faransa ta mallaka da faransanci kaɗai ake koyarwa, kuma taron Barazabil na 1944 ya sake jaddada haka. A arewacin Najeriya kuwa an samu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 da Hukumar Harshen Hausa a 1955, waɗanda suka riƙa ba tsofaffin kalmomi sabon aiki. A wurinmu sai bayan taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da hausa, a Damagaram, a 1973. Na uku, mayar da hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 ya nisanta biro daga manyan kasuwannin hausa, har harshen takarda da harshen ciniki kowanne ya kama hanyarsa.

Dalili na farko ba shi da magani, kuma ba ma neman a dawo da «hauya» ko «keso», wurinsu darasin tarihi ne. Na biyu da na uku kuwa sakamakon shawarar hukuma ne, shawarar hukuma kuma tana iya gyara su.

6. Kammalawa

Ma'aunin da muka bi wajen zaɓe shi ne: kalmar tana kiran wani abu da ke nan a yau, kuma tana rarrabe abin da kishiyarta ta aro ke cakuɗawa. Bisa wannan ma'auni muke gabatar da «gomiya» ga masu rubuta littattafan lissafi, «zambar» tare da ƙa'idar «da guda» ga ƴan jarida da masu fassara kasafin kuɗi, «zango» da «jagaba» ga lakwal da jami'a, «fatoma» ga ƴan kasuwa, sannan «aro», «rance», «jingina» da «lamuni» ga bankuna da kwamitocin filaye.

Aikin da ya rage na ɗalibanmu masu neman batun kundi ne. Ana buƙatar a zauna da dillalai da tsofaffin fatake a kasuwar Dole ta Damagaram da kasuwannin Maraɗi, Tasawa, Ƙwanni da Tawa, a ɗauki maganarsu, a tantance wace kalma ke raye a wane gari, a bakin masu wane shekaru, da wace ma'ana. Sakamakon wannan bincike ne zai nuna wa kwamitocin ƙirƙirar kalmomi waɗanda jama'a za su karɓa cikin sauƙi da waɗanda sai an yi musu bayani. Ya kamata a fara shi tun waɗanda suka yi tafiyar ayari da ƙafarsu, ko suka ji labarinta daga bakin iyayensu, suna da rai.